Aji da Akushi: Neman Faransanci a Besançon

Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Mutanen garuruwan nan biyu dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, in sun haɗu babu mai neman tafinta. Amma da zarar magana ta koma kan takarda sai a rabu: takardar kwastan, ta asibiti, ta shaidar kammala makaranta, tasu da Faransanci, tamu da Ingilishi. Haka abin yake ta kowace kusurwar Nijeriya, domin Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk da Faransanci ake aiki a ofisoshinsu. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a ƙasar nan. Maganar ta shiga takardun manufofin ilimi, amma ba ta shiga bakin mutane ba. Ni ma na yi Faransanci a ƙaramar sakandare kamar sauran yara, na fito da gaisuwa da ɗan ƙirge. Da girma ya zo, aiki ya riƙa kai ni ƙetaren iyaka, sai na koma ajin yamma a Kano har na kai ina karanta jarida a hankali, ina rubuta wasiƙa da ƙamus a gefe. Matsalar ita ce kunne. In aka yi mini magana da sauri, kalmomin da na sani sarai a rubuce sai su wuce ban gane ko ɗaya ba. Wannan ne ya kai ni Besançon.

Sunan garin ba ya cikin waɗanda mutanenmu suka saba ji. In an ce Faransa, Paris ake nufi, sai masu kallon ƙwallo su ƙara da Marseille da Lyon. Amma wanda ya zauna da tsofaffin malaman Faransanci na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi ya taɓa jin sunan, domin da dama daga cikinsu can suka ƙaro karatu. Jami'ar garin tana da wata cibiya da ake taƙaita sunanta da CLA, wadda masanin harshe Bernard Quemada ya kafa a 1958, babban aikinta kuwa koya wa baƙi Faransanci da horar da masu koyar da shi. Garin yana gabashin ƙasar kusa da iyakar Suwizalan, mutanensa kimanin 120,000. Ƙanƙantarsa na cikin abin da ya ja ni. A Paris, ka buɗe baki ka yi tuntuɓe sau ɗaya, mai shago zai juya maka zuwa Ingilishi don ya sallame ka ya ji da na bayanka. A ƙaramin gari mutane suna da lokacin jiran ka ƙarasa jimlarka.

Daga tashar Gare de Lyon a Paris, jirgin ƙasa mai sauri na TGV yana kai mutum cikin kimanin awa biyu da rabi. Sai dai a duba tikiti da kyau, don tashoshi biyu ne ke ɗauke da sunan garin: sabuwa da aka buɗe a 2011 tana can bayan gari cikin gonaki da itatuwa, ta Viotte kuwa ita ce ta cikin gari.

Kogin Doubs ya kewaye tsohon garin kusan gaba ɗaya, ya bar 'yar tazara, a tazarar kuma wani dutse ya tsaya ƙyam. A kansa ne Vauban, injiniyan yaƙin Sarki Louis na 14, ya gina katafariyar ganuwar da ake kira Citadelle, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008. Tun kafinsa Julius Kaisar na Rum ya iso wurin a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta yadda kogin ya tsare garin. Yankin ma bai zama na Faransa dindindin ba sai a 1678, kafin nan yana hannun sarakunan Sifaniya. Gidajen tsohon garin kusan duk da dutse iri ɗaya aka gina su, mai launi biyu, shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa. In rana ta haska gwanin kyau ne. In hadari ya haɗo kuwa, gari duk sai ya murtuke.

Safiyar Litinin ta farko jarrabawa ce ta tantance matsayi, rubutu da hira. Matakan shida ne, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na wanda ya goge, bisa tsarin bai ɗaya da ƙasashen Turai suka fitar a 2001. Aka sa ni a B1, wato tsakiya, inda mutum ya san abin da yake so ya faɗa amma bakinsa bai yarda ba tukuna. Ajinmu ƙarami ne: 'yan Japan da Koriya da Sin, wani Ba'amurke, Larabawa biyu, wata 'yar Kolombiya, da malaman makaranta daga Ghana. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci, Faransanci kawai. Malamarmu tana jin Ingilishi, amma ban taɓa jin ta furta shi a aji ba. In ka tambayi ma'anar kalma, za ta zana ta a allo, ko ta kwaikwaya da jiki, ko ta kawo maka wasu kalmomi uku da ka sani ta kewaye ta da su har ka kama. Da farko abin yana ba da haushi, don fassara ɗaya za ta kashe maganar cikin daƙiƙa. Amma hikimarsa a fili take. Zane ba ya kama baba don an yayyafa masa. Sai an tsoma shi cikin karofi, a ɗago ya sha iska, a sake tsomawa. Wanda ake yi wa fassara kullum, tunaninsa yana can cikin harshensa na farko, Faransancin yana bi ta sama ne kawai.

Darussan ba irin na haddace jadawalin aikatau ba ne, ko da yake ba a tsira daga jadawalin ba. Aiki ake ba ka. Yau ku je kasuwar rufi ta Beaux-Arts ku tambayo farashin abu goma da inda aka noma su. Gobe ku tare mutum uku a bakin gada ku tambaye su ra'ayinsu kan jirgin taram da ya fara aiki a garin a 2014. Jibi ku rubuta wa mai gidan haya takardar koke cewa famfo yana zuba. Nahawun yana biyo baya ne, bayan ka ji yunwarsa. Wanda ya tsaya gaban mai sayar da cuku ya rasa yadda zai ce "da ma a ce" ba zai ƙara raina darasin sharaɗi ba.

Da rana kuma akwai ɗakin furuci, inda kowa ke sa na'ura a kunne yana maimaitawa, yana jin muryarsa. A nan kowace al'umma take fito da cutarta. 'Yan Japan suna kokawa da "r" da "l", Larabawa da "p" da "b". Mu Hausawa tamu sananniya ce: "p" da "f" abu ɗaya ne a bakinmu, haka "v" da "b". A Ingilishi ana gane mu a wuce, amma Faransanci ya cika da gajerun kalmomi da baƙi ɗaya ke raba su, burodi da yunwa da giya da wanka duk bambancinsu bai wuce sautin farko ba. Sai wasulan hanci, sai kuma wasalin nan "u" da ake yi da leɓen "u" da harshen "i", wanda babu kamarsa a Hausa. Muna da namu rabon, duk da haka. "R" ɗin Faransawa daga maƙoshi take fitowa, kusa da gainun Larabci, saboda haka duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya biya rabin kuɗinta. Raba sunaye zuwa namiji da mace, wanda ke wahalar da Ba'amurken ajinmu har ya dafe kai, mu a ciki aka haife mu. Illa dai jinsin ba ya faɗawa daidai: rana a wurinsu namiji ce, wata kuma mace.

A ɗakin nan na gano abin da ke toshe mini kunne. Faransancin baki ba shi ne na takarda ba. Ana rubuta haruffa a ƙarshen kalma a ƙi furta su, sai kuma a farfaɗo da su a liƙa wa kalmar gaba in ta fara da wasali. Rabin alamar korewa ana haɗiye ta. Jimlar "ban sani ba", wadda kalmomi huɗu ce a littafi, a titi ba ta wuce "shepa" ba. Ga ƙirge: 70 sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 97 ashirin huɗu da goma sha bakwai. Mai karanto maka lambar waya ba zai jira ka gama lissafi ba. Abin dariya, maƙwabtansu masu Faransanci a Suwizalan, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, suna da kalma guda ga 70 da 90, sun huta.

Duk wannan rabin karatun ne. Rabin da ya fi tsoka a gidan da na sauka yake.

Ɗalibi yana da zaɓi: ɗakin kwanan ɗalibai, ko haya, ko zama da iyali. Na zaɓi na ƙarshe ko da yake ya fi tsada. Masu masaukina dattawa ne da suka yi ritaya, matar tsohuwar nas, mijin tsohon ma'aikacin masana'antar agogo, 'ya'yansu sun girma sun watse. Ƙarfe bakwai da rabi ake zama cin abincin dare, kuma ba a tashi kafin awa guda ta cika. Ana farawa da ganye ko miya mai ruwa, sai babban abinci, sai cuku, sai ɗan abin zaƙi, burodi kuwa yana nan tun daga farko har ƙarshe. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a surutu a kan abinci. Su kuma surutun yana cikin abincin, wanda ya yi shiru sai a ɗauka ba shi da lafiya ko an ɓata masa rai. Kowane dare uwargidan za ta tambaye ni abin da na yi yau, da abin da zan yi gobe. Ko ta sani ko ba ta sani ba, tambayoyin nan biyu sun tilasta mini shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa fiye da duk wani darasi. In na yi kuskure ba ta cewa na yi kuskure, sai ta maimaita jimlata a gyare kamar mai neman tabbaci, ta ci gaba da yanka burodi. Maigidan kuma yana da karin harshen yankin, mai jan wasula a hankali, wanda mutanen Paris ke yi wa dariya. Ni ni'ima ya zame mini.

Ba a daɗe ba suka ce in daina yi musu "vous" na girmamawa, in koma "tu", in kuma kira su da sunayensu na yanka. Na gode musu, amma bakina ya ƙi. Mutum sa'an mahaifina, da furfurarsa, in kama sunansa gatsau? Na bayyana musu cewa mu ma muna ce wa babba "ku" ko da shi kaɗai ne, kuma akwai matan da har su mutu ba su faɗi sunan mijinsu ko na ɗansu na fari ba. Abin ya ba su mamaki ƙwarai, muka kwashe daren muna kai. Daga ƙarshe aka yi sulhu: su suna ce mini "tu", ni ina nan a kan "Madame" da "Monsieur".

Maganar abinci tana bukatar shiri tun daga gida. A takardar neman masauki akwai wurin da ake rubuta abin da mutum ba ya ci, kuma wajibi ne Musulmi ya cika shi dalla-dalla, don yankin nan alade ne abin alfaharinsa. Tsiran Morteau da na Montbéliard da shi ake yi, kuma ana yanka shi ƙanana a watsa cikin ganye ko dankali ba tare da an ɗauke shi nama ba. Haka giyar inabi, ana zuba ta a tukunya a matsayin kayan miya. Kalmomin da na fi saurin haddacewa a Faransa su ne na bayan kwali da gwangwani. Uwargidan ta riƙe amana. Kifi da ƙwai da kayan lambu ta fi yi, ranar da take son dafa nama kuma sai ta aike ni unguwar Battant, ƙetaren gada, wurin mahautan halal, da 'yar takarda a hannu. Aiken ma darasi ne.

Cukun yankin, Comté, ya cancanci a tsaya a kansa. Wata Asabar makaranta ta kai mu wani ƙauye a tsaunukan Jura inda ake yin sa. Makiyayan ƙauye ne ke haɗa kai su kafa wurin sarrafa madara na gama-kai, tsarin da ya yi ɗaruruwan shekaru. Shanun galibi irin Montbéliarde ne masu ja da fari, ciyawa da harawa suke ci, an hana ba su ciyawar da aka tsima. Ba a dafa madarar, kuma dole a sarrafa ta cikin awa 24. Kimanin lita 400 ke ba da dunƙule guda mai nauyin kilo 40, wanda zai kwanta a ɗakin ajiya aƙalla wata huɗu ana juya shi ana goge shi da gishiri. Tun 1958 doka ta kare sunan, babu mai kiran cukunsa Comté sai ya bi waɗannan ƙa'idoji a cikin wannan yanki. Ina tsaye ina sauraron bayanin, zuciyata tana can rugagen da ke bayan garinmu, inda nono ke yawa da damina har ya rasa mai saye, mu kuma muna shan madarar gari da aka shigo da ita daga Turai. Ba shanu suka fi mu ba. Haɗin kai ne da doka mai aiki.

A titi, mabuɗin komai gaisuwa ce. Wanda ya shiga gidan burodi ya ce a ba shi kaza bai fara da "bonjour" ba, za a sallame shi, amma da fuska a ɗaure. Yawancin labarin da ake bayarwa na rashin fara'ar Faransawa, a ganina, daga baƙin da ba su iya sallama ba yake fitowa. Bahaushe ba shi da wannan matsala, tasa ita ce tsawaitawa. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba a tambayar gajiya da iyali da sanyi. Tsakanin waɗanda suka saba akwai haɗa kumatu, har tsakanin mace da namiji. Ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in ɗan sunkuya tun kafin a matso, kuma ban ga wanda ya riƙe ni da shi ba. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, ƙananan kuma da dama suna rufewa da tsakar rana don cin abinci. Mai neman sabulu ƙarfe ɗaya sai ya jira.

Da bazararsu na je, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare. Isha'i tana kaiwa bayan sha ɗaya, asuba kuma ba ta nisa da ita, ga aji da safe. Ba a jin kiran salla a waje, waya ce ladaninka. Ranar Juma'a nakan je masallaci, inda mafi yawan jama'a 'yan asalin Aljeriya da Maroko ne, da Turkawa da 'yan Afirka ta Yamma. Ana huɗuba da Larabci a maimaita da Faransanci, kuma na same ta darasin sauraro mai sauƙi, tunda na riga na san inda maganar ta dosa. Ga 'yan'uwa mata masu niyyar zuwa: ƙasar ta raba addini da hukuma tun dokar 1905, a 2004 ta hana sa alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, a 2010 kuma ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Dokar 2004 ba ta shafi ɗaliban jami'a ba, don haka akwai masu ɗankwali da mayafi a azuzuwanmu. Niƙabi ne babu halinsa. Wanda kuma ya hau taram zuwa Planoise, unguwar dogayen benaye da aka fara ginawa a shekarun 1960, zai ji wani Faransancin dabam a bakin samari, gauraye da Larabci da kalmomin da aka juya gaba ta koma baya. Yana da kyau a ji shi a gane, ba a kai shi ɗakin jarrabawa ba.

Daren da na san kunnena ya buɗe shi ne daren da maigidan ya ba da labarin Lip. Besançon ita ce cibiyar agogo ta Faransa, har gidan tarihi na lokaci gare ta a fadar Granvelle, Lip kuwa shi ne kamfanin da ya fi suna. A 1973, da ma'aikata suka gano ana shirin korar da yawansu da wargaza kamfanin, sai suka mamaye masana'antar, suka kwashe agogunan da ke ajiye suka ɓoye, suka ci gaba da ƙerawa da sayarwa da biyan kansu albashi ba tare da shugabanni ba. Ɗan ƙungiyar ƙwadago Charles Piaget na cikin jagororinsu. A watan Agusta hukuma ta turo jandarmomi suka fitar da su, a ranar 29 ga Satumba kuma mutum kimanin 100,000 suka yi maci a garin cikin ruwan sama don mara musu baya. Dattijon nan yana saurayi a lokacin, yana cikin macin. Da ya zo nan a labarin ya manta da baƙo yake magana, ya saki jan wasulan nan nasa, ya riƙa zuba da sauri yana buga tebur, matarsa tana katse shi tana gyara masa kwanan wata. Sai da aka kawo cuku na lura ban fassara komai a raina ba. Na dai ji labari ne.

Daga nan hira ta fara nauyi. A tsakiyar gari, a dandalin da ke gaban ofishin magajin gari, akwai mutum-mutumin Victor Hugo yana duba agogonsa. An haifi marubucin a Besançon ranar 26 ga Fabrairu 1802, ko da yake yana jariri aka bar garin da shi. Wanda ya ƙera mutum-mutumin ɗan Senegal ne, Ousmane Sow. Kudu da garin kuma, kusa da Pontarlier, akwai kurkukun Joux a kan tsauni, inda Napoleon ya sa aka tsare Toussaint Louverture, baƙar fatar da ya jagoranci bayin Haiti suka karya sarƙa. An kawo shi a 1802, mutumin ƙasar zafi, aka kulle shi a ɗaki mai danshi a ɗaya daga cikin wurare mafi sanyi a Faransa. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1803, Haiti ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1804. Na shiga ɗakin a tsakiyar bazara, sai da na ja rigata.

Masu masaukina sun san wannan labari, suna kuma jin kunyarsa. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne namu. Daren 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasarsu, bayan mun dawo daga kallon wasan wuta, na ba su labarin ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899 suna ƙone garuruwa. Na faɗa musu turjiyar Sarauniya a Lugu, da kisan gillar Birnin Ƙonni, da yadda aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su Voulet ya sa aka harbe shi a ranar 14 ga Yulin shekarar, kafin sojojinsu su juya su kashe su biyun. Da Faransancin B1 na faɗi wannan, ina laluben kalmomi, amma ya isa inda nake so. Uwargidan ta ce ba a koya musu haka a makaranta ba, na kuma yarda da ita. Akwai masu ganin koyon harshen wanda ya mulki danginka ƙasƙanci ne. Ban yarda ba. Rahotannin ayarin nan da takardun mulkin Damagaram da Tawa da Maraɗi da Faransanci aka rubuta su, kuma wanda bai iya shi ba sai dai a karanta masa tarihin kakanninsa.

Ba kowa ne ya je ya samo ba. Na ga waɗanda suka biya kuɗi masu yawa suka koma kusan yadda suka zo, kuma dalilin ɗaya ne. Da an tashi aji sai kowa ya nemi 'yan ƙasarsu. Masu Ingilishi su ne suka fi shiga wannan tarko, don harshensu ne kowa ke gudu zuwa gare shi in an ƙure. Da malaman Ghana muka yi yarjejeniya ba za mu yi Ingilishi ba sai ranar Lahadi. Ɗayansu ɗan Zangon Kumasi ne, Hausa a bakinsa tangaram, shi ne ma babbar jarrabawata. Waya ita ce ɗaya ɓarakar: mutum yana Faransa da gangar jiki, kunnensa yana WhatsApp ɗin gida daga magariba zuwa tsakar dare. Na mayar da wayata Faransanci, na maye gurbin labaran Hausa na safe da shirin labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci na RFI. Abokaina na yini kuwa waɗanda ba mu da wani harshe tare na zaɓa, 'yar Kolombiyar nan da wani ɗan Koriya. Faransancinmu duk a karye yake, amma ba mu da mafita sai shi.

Tafiyar tana da tsada, babu amfanin ɓoyewa. Ga kuɗin makaranta da masauki da Yuro, ga jirgi, ga inshora, ga biza: ta gajeren zama kwana 90 ce iyakarta, wanda zai wuce haka sai ya nemi ta ɗalibi. Mai son shiga jami'a a can galibi B2 ake nema, takardar shaidar iya Faransanci ta DELF kuma ana iya zana jarrabawarta a nan gida. Wanda aljihunsa bai kai Turai ba, bai rasa hanya ba. Akwai Ƙauyen Faransanci na Badagry da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, akwai cibiyar Village du Bénin a Lome, akwai Kwatano. Sai dai Bahaushe ya sani cewa a waɗannan garuruwa Hausa tana jiransa a Zango da tasha da bakin masallaci, zai iya shekara bai bukaci Faransanci ba in bai ɗaure wa kansa ba. A Nijar ma, inda a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma takardun da aka tara tun zamanin mulkin mallaka ba za su fassara kansu ba.

Shawarata ga mai niyya ita ce kada ya tafi da baki wofi. Ya fara a gida, a Alliance Française ko wurin wani malami, ya kai aƙalla A2, don asara ce mutum ya biya Yuro a koya masa abacada. In ya tashi tafiya ya tafi shi kaɗai, ba cikin ayarin abokai ba. In kuma kuɗin bai isa duka ba, ya rage awannin aji ya biya na zama da iyali.